Ƙyalle a Tagar Malama

Shekara goma sha ɗaya ke nan Gwaggo Tela ba ta taɓa fashin taron kwamitin unguwa ba. Ranar da aka cire mata haƙori ma sai da ta je, da auduga cike da baki, tana ɗaga hannu in an zo ƙuri'a. Amma Asabar ɗin nan tun hantsi take zaune gaban keken ɗinkinta, ƙafa a kan feda ba ta taka ba, tana laluben ciwon da za ta ce ya kama ta kafin ƙarfe huɗu. Da ƙarfe huɗu za a tara unguwa kaf, Ciyaman zai karanta takardar da ke cewa Malama ta rasu farat ɗaya, babu sakacin kowa. Sannan a miƙo wa Gwaggo Tela biro ta sa hannu a ƙasa, don ita ce mai riƙe da littafin zagaye. Ita kuwa ta san abin da ke takardar ba haka ya faru ba.

Bari dai a faro daga tushe, kada a ce an ci naman wani ba dalili.

Kwamitin nan mutum bakwai ne, babu mai albashi a cikinsu, ladansu baƙin jini da ciwon kai. Su ne masu bin kwata in ta toshe, su ne masu faɗa da motar shara, su ne masu raba rigimar maƙwabta a kan igiyar shanya. A wani aji na makarantar firamaren unguwar suke zama duk Asabar, manya-manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa har haɓa. Ciyaman tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi, ya yi ritaya hannun bai daina ƙaiƙayi ba. Shi ya rubuta dokokin kwamiti, shafi tara, kuma shi kaɗai ya taɓa karanta su har ƙarshe. Doka ta shida ta ce wanda ba ɗan kwamiti ba, minti uku gare shi in zai yi magana. Ciyaman ya kwance ƙararrawar tsohon kekensa ya ɗaure ta a jikin wani katako, yana ajiye ta gabansa. Minti uku na cika, ƙirrin! ko da kana tsakiyar sunan ubanka ne. Abin da ya rage maka a baki, ka rubuta ka jefa a akwatin ƙorafi da ke rataye a ƙofar ajin.

Akwatin kuma kwaɗo biyu gare shi, makulli ɗaya a hannun Ciyaman, ɗaya a hannun Gwaggo Tela, wai don kada wani ya buɗe shi kaɗai ya ɓoye abin da bai yi masa daɗi ba. Tsari mai kyau, a takarda. Sai dai in Ciyaman ya tuna da nasa makullin, ita ta baro nata a aljihun wata riga. In ta zo da nata, shi ya canja wando. Haka akwatin zai yi wata biyu, wata uku, gizo-gizo na zaman haya a bakinsa.

Abin da kwamitin ya fi taƙama da shi kuwa shi ne zagaye. Tsofaffi tara ne ke zaune su kaɗai a unguwar, 'ya'ya duk sun watse neman abinci. Kowace safiya Gwaggo Tela za ta bi su ƙofa-ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta ji an ce "waye?", ta sa alama a littafi, ta yi gaba. Ita ta ƙirƙiro aikin, shekarar da mijinta ya rasu ɗakin ya yi mata faɗi. Allah bai ba ta haihuwa ba, dangi kuma sai gaisuwar waya. Saboda haka littafin nan mai baƙin bango shi ne ɗanta, shi ne mutuncinta. In ta ratso layi da shi a hammata, har masu shago sukan ce, "Uwar zagaye, a sauka lafiya." Tana jin daɗin sunan, ba sai an faɗa ba.

Ƙofa ta ƙarshe a zagayen ita ce ta Malama, can hawa na uku a dogon benen da ke saman shagon mai walda. Matakala arba'in da biyu, Gwaggo Tela ta ƙirga su ya fi sau dubu. Malama ta koyar shekara talatin da biyar a makarantar nan da kwamiti ke zama, rabin unguwa ta taɓa ja musu kunne, har da Mai Kemis, sakataren kwamiti, wanda har yau in ya hango ta sai ya gyara wuyan riga. Jan biro ba ya barin jakarta. Duk sanarwar da aka manna a allo sai ta tsaya ta duba, ta ba ta maki a ƙasa: huɗu bisa goma, a ƙara ƙoƙari. 'Yarta ɗaya, nas ce a wani gari mai nisa, tana kira duk Lahadi.

Ita da Gwaggo Tela kuwa shekara arba'in suna tare. Farkon haɗuwarsu ma faɗa ne, a kan wata riga da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma tun daga ranar ba su daina ba. Malama na kiranta Allura, ita tana kiran Malama Jan Biro. In ta iso ƙofar tana haki ta ƙwanƙwasa, sai a ce daga ciki:

"Waye?"

"Mutuwa ce."

"Koma ki dawo, ban gama shayina ba."

Sai a buɗe. Kofi biyu na nan a kan tebur tun kafin ta iso. Su zauna su tankaɗe unguwa su rairaye, daga wadda ta sayi firji don a gani har wanda ke rina gemu, sannan ta sauko.

To, sai gwiwar Gwaggo Tela ta fara magana. Shekara sittin da takwas ba wasa ba ce. Da safe sai ta dafa bango kafin ta miƙe, in ta hau benen nan ta sauko, ranar ba ta iya taka keke. Ta kawo kuka gaban babban taro, ta ce a samu masu taimako, ko da ƙofa ɗaiɗai ce kowa ya ɗauka. Aka yi mata tafi raf-raf-raf, aka ce Allah ya saka. Da Ciyaman ya ce masu ɗauka su ɗaga hannu, sai kowa ya shiga duban silin. Wannan yana buɗe shago ƙarfe bakwai, wancan yana kai yara makaranta, waccan bayanta na ciwo. Aka tashi.

Nan ne dabara ta zo mata, ita kaɗai, tana kwance ɗinkin cinyar wani wando. Akwai ragowar labule ruwan ɗorawa da wata ta bari ba ta dawo ta karɓa ba. Ta yanka shi gida tara, ta kalmashe bakin kowanne, ta yi masa madauki da babban maɓalli, yadda za a zagaya ƙarfen taga a ɓalla, iska ba za ta ɗauke ba. Maɓallin nan sai da ta bi shi da zare ninki huɗu. Tsarin shi ne: tsoho ya tashi da safe ya rataya ƙyallensa a taga, da yamma ya shigar. Ita kuma ta bi layi, ta ɗaga kai, ta ga ruwan ɗorawa, ta sa alama. Ba hawa, ba haki. Kwamiti ya ce wannan basira ce. Ciyaman har ya ƙara doka ta ashirin da uku.

Ranar da aka gabatar wa jama'a, Malama ta ɗaga hannu. Ciyaman ya dubi agogo ya ce bismilla.

Malama dai Malama ce. Minti ɗaya ya tafi a kan sanarwar taron da ba a sa mata kwanan wata ba. Na biyu ya tafi a kan wanda ya bar ɓawon gyaɗa a ajin da yara za su shiga ranar Litinin. Sannan ta gyara tabarau.

"Abu na uku, kuma shi ne babba. Wannan tsumman naku. Na ji, na rataya da safe. To da yamma, wa zai..."

Ƙirrin!

"Malama, doka ta shida," in ji Ciyaman.

"Kai, ban gama ba."

"Akwati na ƙofa, Malama. Doka ba ta san babba ba."

Aka yi 'yar dariya. Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma kalmar tsumma ta soki Gwaggo Tela, ita da ta kwana biyu tana kalmasa. Sai ta ɗaga murya yadda na bayan aji zai ji:

"Ku bar ta, ko awa uku aka ba ta, ƙarshenta maki za ta ba mu!"

Aji ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu buga benci. Malama ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙawarta ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa yaron da ya ba ta kunya gaban baƙi. Ta yage takarda daga jaka, ta ɗora a gwiwa ta yi rubutu, ta ninke, ta jefa a akwati, ta fita tana dogara lemarta.

Daga ranar suka daina magana. Mako bakwai. In sun haɗu a bakin kemis, wannan ta dubi gabas, waccan ta dubi yamma. Amma ƙyallen kam kullum yana nan a tagar hawa na uku kafin ƙarfe takwas, a miƙe sambal. Masu ido sun ce har guga Malama ke yi masa.

Ranar wata Talata, Gwaggo Tela ta ɗaga kai, ta gani, ta sa alama. Laraba ma haka. Da yammacin Larabar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Safiyar Alhamis ta zo ƙasan benen, ta ɗaga kai. Ƙyallen na nan, amma a jiƙe sharkaf, ya nannaɗe jikin ƙarfe kamar an murɗe shi.

Ta tsaya. Malamar da ko cokali ba ta bari ruwa ya taɓa? Ta shiga ƙofar benen, ta ɗora ƙafa a matakalar farko. Gwiwa ta ce ƙas. Zuciya kuma ta ce: in kika hau, cewa za ta yi kin zo biko, kuma sai ta ba biko ɗin maki. Ta ja ƙafarta baya. Doka ta ce in ƙyalle na taga a sa alama. Ƙyalle na taga. Ta sa alama. Ƙarfe takwas da kwata ne, ta duba agogon shagon mai walda, wanda ya riga ya tayar da injinsa yana ta ƙara kamar kullum.

Juma'a ma ta sa alama, wannan karon ba ta ko tsaya ba.

Mai burodi ne ya tayar da zancen, wajen azahar. Ya sauko da gudu yana cewa burodin da ya rataya wa Malama a hannun ƙofa tun Laraba yana nan, ga na Alhamis a kansa, yau ya kawo na uku. Aka kira kafinta. Ranar Gwaggo Tela ta hau matakala arba'in da biyu ba ta san da gwiwa a jikinta ba. Da ƙofar ta ɓalle, mazan suka ja baya, ita ta fara shiga.

Malama na kwance a ƙasa, tsakanin tebur da taga, rai ya yi halinsa. Santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Wayarta na can cikin ɗakin kwana a kan gado. Ɗakin da ke fuskantar nata babu kowa tun bara, ƙasa kuma ƙarar walda. Kusa da hannunta ga doguwar rular katakon nan da take zana layi a allo da ita. A jikin bango, ƙarƙashin taga daidai inda ƙyallen yake, fenti duk ya kankare, zane-zane birjik.

Ba sai an yi wa Gwaggo Tela bayani ba. Malama ta ja jiki ne har gindin taga, tana miƙa rula, tana so ta ɓalle ƙyallen ya faɗi, don in an ɗaga kai ba a gan shi ba a hau. Maɓallin ne ya ƙi.

Kafin kowa ya shigo, Gwaggo Tela ta sunkuya ta ɗauke rular, ta ɗora a kan tebur kusa da kofi. Kofi ɗaya ne. Har yau in ka tambaye ta abin da ya sa ta ɗauke rular nan, ba za ta iya faɗa maka ba.

Aka yi jana'iza, 'yar ta iso. Mace ce mai shiru, tsawon uwar da tabarau irin na uwar. Ta je asibiti ta yi magana da likita irin maganar da ma'aikata ke yi a tsakaninsu. Ba ta faɗa wa kowa abin da likitan ya ce ba, sai dai ta ce za ta zauna har a yi babban taro, tana so ta ji daga bakin kwamiti.

Shi ya sa safiyar Asabar ɗin nan Ciyaman ya zo shagon Gwaggo Tela da takarda a cikin fayil. Ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya rame a kwana takwas ɗin nan, gaskiya.

"Ba ƙarya muka rubuta ba," in ji shi. "Taƙaitawa muka yi."

"Farat ɗaya fa ka ce, Ciyaman."

"To faɗuwar ai farat ɗaya ce." Ya share goshi. "Gwaggo, ki duba. In aka ce tsarinmu ne ya jawo, an gama da kwamiti. Shugaban makaranta zai karɓe ajinsa. Wa zai kula da kwata? Wa zai kula da sauran takwas ɗin? Shekara goma sha ɗaya muna wahalar nan kyauta. Ke kuma da wane ido za a dube ki? Ni ina da 'ya'ya, in an zage ni na shiga gida. Ke ina za ki shiga?"

Wannan ta ƙarshen ita ce ta zauna mata a ƙirji, don gaskiya ce.

Da zai tafi sai ya laluba aljihu. "Doka ta tara ta ce a buɗe akwati kafin babban taro. Ni zan je ɗauko lasifika. Ga nawa makullin, ki buɗe, ki zubar da shirmen da ke ciki." Karo na farko ke nan da Ciyaman ya karya dokarsa da hannunsa.

Ciwon da take nema bai zo ba. Ƙarfe uku ta rufe shago ta tafi makarantar, babu kowa sai tsintsiya a jingine. Kwaɗon farko ya buɗe, na biyu sai da ta ɗiga masa man keke. A ciki akwai ledar alewa, da ƙorafi uku a kan karen wani, da wata takarda da ba suna mai cewa Mai Kemis na kallon matan mutane. Can ƙasa, ga takarda a ninke huɗu, jan rubutu ya huda ta baya.

Ta zauna a bencin yara. Karatunta ba mai sauri ba ne, da yatsa take bi.

"Allura, tunda kin hana ni gamawa. Ƙyallen da aka rataya da safe ba ya sauka da kansa. In na faɗi da rana, gobe za ki gan shi a taga, jibi ma haka, ki yi ta sa alama. A sa wani ya riƙa dubawa da yamma ko an shigar. In ba mai yi, ki dawo shan shayinki. In gwiwar ce, ni zan sauko hawa ɗaya, mu haɗu a na biyu. Ɗinkin maɓallin ya yi kyau. Takwas bisa goma."

Tana nan zaune har jama'a suka fara shigowa.

Ajin ya cika maƙil, wasu a taga, wasu a baranda, don mutuwa irin wannan ta fi kwata jan mutane. 'Yar Malama na bencin gaba, jaka a cinya. Ciyaman ya yi addu'a, ya karanta takardarsa da muryar gidan waya, ya ce kwamiti na miƙa ta'aziyya, Allah ya ji ƙan Malama. Aka ce amin. Mai Kemis ya sa hannu. Ya turo takardar da biro gaban Gwaggo Tela.

Ta dubi biron. Sai ta zaro littafin zagaye daga hammata ta ajiye a kan takardar, ta dafa tebur ta miƙe, ta zagaya ta koma ɓangaren jama'a ta tsaya.

"Na sauka daga kwamiti," in ji ta. "Yanzu ni 'yar unguwa ce. Ciyaman, duba agogonka, minti uku gare ni."

"Gwaggo, zauna mana, ba a haka..."

"Doka ta shida."

Ta warware takardar ta fara karantawa, kalma-kalma. Kafin ta kai wurin shayi minti uku sun wuce, kowa ya sani, don Mai Kemis sai duban agogo yake yana duban Ciyaman. Babban yatsan Ciyaman na kan ƙararrawa. Ya daɗe a wurin. Sannan ya janye hannun ya tura shi ƙarƙashin tebur.

Ta gama takardar, ta ci gaba da nata. Ta faɗi dariyar da ta sa aka yi. Ta faɗi ruwan Laraba, da ƙyallen da ta gani a jiƙe, da ƙafar da ta ɗora a matakala ta janye. Ta faɗi rular, da inda ta same ta, da inda ta mayar da ita.

"Ban hau ba don muna gaba. Gwiwar ma na ciwo, amma ba ita ba ce. Alama uku na sa wa matar da ke kwance a ƙasa. Suna nan a littafi, ku duba, rubutuna ne."

Aji ya ɓarke. Matar mai walda, wadda ta kwana uku a ƙarƙashin Malama ba ta ji komai ba, ita ta fi kowa ɗaga murya: "Wannan ai kisa ne! Mu muna can mun saki jiki wai akwai masu dubawa!" Wani ya ce a rushe kwamitin. Wani ya ce dama shi tun farko bai yarda da tsumman nan ba, alhali shi ya fi kowa tafi ranar. Babu wanda ya tashi ya ce ai ta nemi taimako an hana ta. Sun manta, ko sun ga ba ranar tunawa ba ce.

'Yar Malama ce ta miƙe, aka yi shiru.

"Gwaggo, ranar Alhamis ɗin, ƙarfe nawa kika tsaya a ƙasan benen?"

"Takwas da kwata, 'yata."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Likita ya ce ta kai yammacin Alhamis da ranta."

Ta miƙa hannu. Gwaggo Tela ta ba ta takardar. Ta ninke ta yadda uwar ta ninke, ta sa a jaka, ta ratsa mutane ta fita. Ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma ce ta yafe ba.

Ba a rushe kwamitin ba. An soke doka ta ashirin da uku, aka ce a koma ƙwanƙwasa ƙofa. Da Ciyaman ya ɗaga littafin ya ce wa zai karɓa, silin ya sake samun masu kallo. Can dai Mai Kemis ya ce zai ɗauki ƙofa biyu kafin ya buɗe shago, kafinta ya ɗauki ɗaya, mai burodi ya ce tunda dama yana hawa, a ba shi uku. Sauran biyun sai da aka yi ta ja-in-ja. Aikin da tsohuwa ɗaya ta yi shekara goma sha ɗaya, ƙarti biyar aka raba wa, suna ƙunƙuni. Sa'ad da ake wannan rabon Gwaggo Tela ta riga ta kai gida.

Ranar Litinin 'yar Malama ta tsaya a ƙofar shago, mota na jiranta da kayan uwar a ɗaure a sama. Ba ta shigo ba. Ta ajiye wani abu a kan keken ɗinki. Ƙyallen ne, ya bushe ya ƙanƙance. Maɓallin na lilo, zare biyu kacal suka riƙe shi.

"Saura kaɗan ta cire shi," in ji ta. "Ɗinkinki na da ƙarfi, Gwaggo."

Ta juya. Har ta kai bakin mota, sai ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Duk Lahadi sai ta tambaye ni ko maganin gwiwar nan da na taɓa aiko miki yana da wani suna a kemis. Ta ce kada in gaya miki."

Motar ta tashi.

Yanzu babu mai cewa uwar zagaye. Wasu sun ɗauke ɗinkinsu sun kai wani wuri, wasu na gaishe ta sama-sama. In ta wuce makarantar ranar Asabar takan ji muryar Ciyaman ta taga, amma an ce ƙararrawar ta koma jikin keke. Akwatin kuma kwaɗo ɗaya ya rage masa.

Sai dai kowace safiya, wajen takwas da kwata, za ka gan ta ta shiga ƙofar dogon benen nan, ba littafi, sai filas a leda. Tana hawa tana hutawa, hannu a bango. Ba ta kaiwa hawa na uku, an ma zuba sababbin 'yan haya a can. A na biyu take tsayawa, ta zauna a kan matakala, ta zuba shayi a murfin filas, ta riƙe har ya huce. Matar mai walda na gaya wa duk wanda ya tsaya cewa tsohuwar ta fara taɓuwa. Ranar nan kuwa aka ga shi mai waldar ya haɗa wata 'yar kujerar ƙarfe, ya hau da ita ya ajiye a kwanar hawa na biyu, ya sauko ya ci gaba da aikinsa.